Kyamara ta hannu ko in ci gaba da waya? Ga hotunana ku duba

Ummi_Gwale: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga hotuna uku da na ɗauka da waya a karofin Ƙofar Mata ranar Asabar. Na kwashi adashi dubu 300, wani kuma ya yi min tayin Canon 600D ta hannu da lens ɗinta (gilashin gaban kyamara) 18-55. Ni ba hoton biki zan yi ba, sha'awa ce kawai, masu sana'a da tsoffin gine-ginen cikin gari nake son ɗauka. Dan Allah ku faɗa min gaskiya, wayar ce ta gaza ko hannuna ne bai faɗa ba? In hannu ne gara in riƙe kuɗina.

Sadiq Lens: Saya kawai hajiya, biki ɗaya zai dawo miki da kuɗinki

Baffa Mai Hoto: Wa alaikumus salam 'yata. Na farkon da rana tsaka kika ɗauka, hular dattijon ta yi masa inuwa har idonsa ya ɓace. Ki koma da sassafe ko bayan la'asar. Na biyun shi ne hoto, hannun marinin shuɗi har gwiwa, zanen yana ɗigar ruwan baba, sai dai kin cika masa kala wajen editin har shuɗin ya koma shunayya, duk wanda ya san karofi zai ce ba haka yake ba. Na ukun a karkace yake. Ban ga laifin waya ko ɗaya ba.

Ɗan Fagge: Ummi ki tsaya ki ji nawa tukuna. Ni Nikon D3200 na saya wajen wani mai shago a Legas, ta waya muka yi ciniki ya turo min bidiyo tana ƙyalli ya rantse min ba a wahalar da ita ba, ta iso na ga duk hoton da na ɗauka kamar da hazo, ashe naman gwari ne ya yi yaɗo cikin gilashin lens ɗin saboda danshin can, na haƙura na sake sayen wani lens, ranar Hawan Daushe na samu wuri mai kyau dawakai sun taho a guje za su yi jafi na danna sai kyamara ta ce Err, shota, wato murfin ciki da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, ta ƙame. Mai gyara ya duba ya ce ta yi ɗauka sama da dubu ɗari, wato wani ya gama cin moriyarta ya sayar min da gawa. Na kira mai shagon ya toshe ni. Wallahi har yau in na ga hotunan hawan nan a wajen mutane sai raina ya ɓaci, tana nan cikin durowa

Maman Hanif: Innalillahi, Allah ya mayar maka da alheri

Sadiq Lens: Ai kai ka jawo, wa yake sayen kyamara bai duba adadin shota ba, wato yawan hotunan da ta taɓa ɗauka

Ɗan Fagge: A lokacin wa ya gaya min? Kowa sai bayan abu ya faru yake zama malami

Khalifa: 300 ta yi yawa gaskiya, 600D fa tun 2011 ta fito. Abokina 220 ya sayi tasa har da jaka da batir biyu

Sadiq Lens: 220 a wace shekarar? Kafin dala ta tashi kenan.

Laouali Damagaram: Nan wajenmu jika 130 na sefa na ga irinta, amma babu caja

Khalifa: To a kawo mana ita ta Maigatari mana 😂

Auta: Anti Ummi ki ba ni dubu 50 kawai in riƙa tsaya miki kina gwada hannu, ina da shadda kala uku

Sadiq Lens: Baffa da girmanka amma zamanin fim ya wuce. Waya ba za ta ba ta RAW (ɗanyen hoto da ba a sarrafa ba) mai kyau ba, ba za ta narkar mata da bayan hoto ya yi dishi-dishi kamar lens ɗin 50mm ba

Maman Hanif: Sadiq kai da kullum sharhi kake, yaushe rabon da ka saka hotonka mu gani? Shi Baffa ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, kai ko buɗewa ba ka yi ba, ta ce ba biki ba ka ce biki

Sadiq Lens: Na daina sakawa ne saboda ɓarayi

Ummi_Gwale: Na gode Baffa, zan koma da safe in sha Allah. To adadin shotar nan ta ina ake dubawa a Canon?

Ɗan Fagge: Maganar ɓarayin nan gaskiya ce. Hoton Dutsen Dala da na ɗauka lokacin damina wani shafi a Facebook ya ɗauke, ya yanke sunana daga ƙasa ya manna nasa, na yi magana mabiyansa suka hau ni wai hoton gari na kowa ne

Khalifa: Ka riƙa sa sunan a tsakiya

Baffa Mai Hoto: Sai ka ɓata hoton da hannunka kenan. Ka dai ajiye na asali, ka saka ƙarami

Maman Hanif: Nawa kalanda aka buga da shi, a shagon mai ɗinki na gan shi a rataye. Wai akwai inda ake kai ƙara a kan irin wannan kuwa, ko sai dai Allah ya isa?