Neman shawara: na zuba irin seleri, ya ƙi fitowa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan lambu a gefen rafin Kubanni a Zariya, latas da karas nake yi. Masu kayan gwari na kasuwar Sabon Gari sun dame ni da tambayar seleri, ganyen nan mai ƙamshi da ake sa wa a miya da salak, shi ne na sayo iri na zuba a watan Afrilu, na rufe da ƙasa yadda nake wa karas. Shiru har yau. Irin ne ya mutu ko yaya? Don Allah a taimaka.

Wani dattijo daga Shika:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yi saurin ɗora wa irin laifi. Seleri ɗan sanyi ne, digiri 15 zuwa 21 ya fi so, kai kuwa ka zuba shi tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Zafi in ya yi yawa, ƙwayar kwanciyarta take yi. Ga ta kuma mitsi-mitsi, giram ɗaya ya haura ƙwaya 2,000, kuma tana son haske kafin ta tsiro, don haka ba a binne ta. Barbaɗa ta a kan ƙasa mai laushi, ka danna da tafin hannu, ka yi mata 'yar rumfar ciyawa, yayyafi safe da yamma. Sai mako 2 zuwa 3 za ka ga kore, sai haƙuri. Ka fara reno ƙarshen damina, bayan mako 8 zuwa 10 ka dasa, hunturu ya same shi a fangali.

Wani mai lambu a bakin Galma:
Baba ya gama magana. Ƙarina kan ban ruwa ne. Seleri dangin karas ne, amma saiwarsa a sama-sama take, ba ya jure ƙishi. In yau ka jiƙa gobe ka bari ya bushe, tsakiyarsa baƙi take yi ta ruɓe, don sinadarin kalsiyam bai isa sabon ganye ba. Ruɓaɓɓen taki kuma kada ka yi masa rowa.

Wata mai sayar da ganye:
Malam, in Allah Ya kai ka yanka, yi da sassafe, ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Wanda ya yi yaushi ba ma saye. Ka sa riga mai dogon hannu kuma, ruwan jikinsa in ya taɓa fata rana ta buga, yakan sa wa wasu bororo.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, sauran irin da ke hannuna zai kai ƙarshen damina?

Dattijon Shika:
Zai kai, in ka sa shi a kwalba mai murfi, wuri mai sanyi marar laima.