Shawarwari ga mai son jin kundin Willie Nelson na 2024

Masoya waƙoƙin kantiri (salon kiɗan karkarar Amurka) da suka tattauna kan Last Leaf on the Tree, kundin da mawaƙin Amurka Willie Nelson ya fitar a Nuwamban 2024 yana ɗan shekara 91, bakinsu ya zo ɗaya: a fara da "Last Leaf", wadda aka soma saki. Asalinta ta mawaƙi Tom Waits ce, amma a bakin dattijon nan na Texas sai ka rantse dominsa aka rubuta ta. Muryar ta tsufa, har jan numfashinsa kana ji, don haka a saurara da dare, ba cikin hayaniya ba. Wasu kuma suka ce kada a sa rai da irin kiɗansa na da, domin ɗansa Micah ne ya shirya kundin, har da waƙoƙin Beck da Neil Young a ciki.