Yaya Brisbane ta bari kofin 2023 ya kuɓuce mata?

Tambaya: Jama'a, har yanzu ina mamakin wasan ƙarshe na NRL (babbar gasar ƙwallon rugby league ta Ostiraliya) na 2023, inda Brisbane Broncos ke gaba da 24 da 8, amma Penrith Panthers ta ci 26 da 24. Ina aka kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, gajiya ce ta kama 'yan gaban Brisbane, shi ya sa Nathan Cleary na Penrith ya sami ɓaraka, ya miƙa wa Moses Leota ƙwallo ya dire ta bayan layi.

Amsa: Malam, gajiya kaɗai ba ta isa hujja ba. Bugun 40/20 na Cleary (bugu daga bayan layin mita 40 na ƙungiyarsa, ƙwallo ta taɓa ƙasa ta fita gefe a cikin mita 20 na abokan hamayya) ne ya juya wasan, domin ya kai Penrith bakin layin Brisbane kuma ƙwallo na hannunta.

Amsa: Ni Ezra Mam na Brisbane nake tausaya wa, wanda ya dire ƙwallo sau uku, amma ya koma gida ba kofi.