Addar da ta Saba da Gona: Musayar Baituka kan Ruwanda

Malam Mai Tawada ya buɗe:

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Ina neman tsarinsa daga kuskurewa.

'Yan'uwa, wata tambaya ta hana ni barci
Game da Ruwanda da ranakun kashewa.

Ran 6 ga Afrilun 1994 aka harbo
Jirgin shugaban ƙasa Habyarimana yana shirin saukowa,

Kuma cikin kwana ɗari bayan wannan dare
Wajen mutum 800,000 suka riski mutuwa.

Akasarinsu 'yan Tutsi ne, masu kisan kuwa
Har da maƙwabcin da aka saba gaisawa.

Addar da yake saran ayaba da ita
Ita ya ɗauko, hannunsa ba ya karkarwa.

Ku gaya mini yadda manomi mai 'ya'ya
Yake kwana mutum, ya wayi gari da sauyawa.

Hajiya 'Yar Malamai ta amsa:

Malam, ba dare ɗaya aka yi sauyin ba,
An daɗe ana haƙa wannan rijiya.

Tun zamanin mulkin Turawan Beljiyam
Aka sa ƙabila a katin kowa, ɗaya bayan ɗaya,

Shi ne katin da 'yan Interahamwe, mayaƙan sa-kai na Hutu, suka riƙa dubawa
A shingayen da suka gindaya a kan hanya.

Sannan ga gidan rediyon RTLM,
Wanda ya jawo matasa da kiɗa da ban dariya,

Har kunne ya saba da jin ana kiran mutane
Inyenzi, wato kyankyasai, ba tsoro ba kunya.

Wanda ya yarda maƙwabcinsa kyankyaso ne
Zai taka shi ba tare da ɗar a zuciya.

Daga baya sunaye aka riƙa karantowa,
Da inda suka ɓuya, da inda suke tafiya.

Shi ya sa kotun duniya ta Arusha a shekarar 2003
Ta ɗaure jagororinsa, don harshe ma yana yanka wuya.

Ɗan Autan Marubuta ya shigo:

Hajiya, na karɓi batunki, amma da saura,
Rediyo kaɗai bai isa ya kawar da mamaki.

Shugabannin gunduma da na unguwa ne suka yi kira,
Irin kiran gayyar da aka saba ji daga masu mulki,

Kuma kisan ba a ambatonsa da sunansa,
A bakinsu cewa suke yi an fita aiki.

Wanda ya noƙe a gida sai a ce maci amana ne,
'Yan Hutu da dama sun mutu saboda kirki.

Wani tsoro ya fito da shi, wani kwaɗayin saniya,
Ko gonar mamaci, ko kwanon rufin ɗaki.

Bari in faɗi abin da nake jin kunyarsa har yau:
An taɓa ihun ɓarawo a kasuwarmu da babban baki,

Sai na tsinci kaina a guje da rabin bulo a hannu,
Ban san yaron ba, ban san me ake ciki.

Wani tsoho mai goro ne ya cafke rigata,
Ya kira sunan mahaifina, sai sanyi ya kama jiki.

Malam Mai Tawada ya dawo:

Ƙanena, tsohon nan naka ya ba ni rabin amsa:
Taro yana haɗiye sunan mutum, shi ya yi tunasarwa.

Sauran rabin yana wuyan masu iko,
Don a Janairun 1994 an samu sanarwa;

Janar Dallaire, kwamandan dakarun kiyaye zaman lafiya, ya rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya
Cewa ana tara makamai, yana shirin ƙwacewa,

Aka hana shi, aka bar wuta tana cin ƙasan kara,
Wata uku kafin ta kai ga bayyanuwa.

Amma ku duba ɗaliban makarantar Nyange a 1997,
Da mahara suka ce Hutu da Tutsi su yi rarrabuwa,

Yaran suka ce dukansu 'yan Ruwanda ne;
Wasunsu sun rasu, amma sun ƙi warewa.

Hajiya 'Yar Malamai ta ƙara:

Malam, irin yaran nan muna da shi a gida,
A Barkin Ladi ta Filato, ba sai an yi doguwar tafiya.

A Yunin 2018 Liman Abubakar Abdullahi
Ya ɓoye mutum 262 da suka gudo neman mafaka da kariya,

Mata a gidansa, maza a cikin masallaci,
Akasarinsu Kirista, ya tsaya a ƙofa bai ja da baya.

Abin da ke damuna shi ne rediyon ya canza gida,
Yanzu yana aljihun kowa, a cikin waya.

Ɗazu da safe ɗan yayata ya turo mini wata murya,
Wai wasu mutane sun yi wa namu ta'asa a kan hanya.

Na tambaye shi wane gari, wace rana, wa ya gani;
Ya buɗe saƙon tun hantsi, har la'asar bai ce mini ko ɗaya.