Bera da tattabaru na barna ga sola, shin kudin ka fita kuwa?

Dan Mabera:
Assalamu alaikum yan uwa. Don Allah masu sola bisa rufi ku ban shawara, ina son in hada karama a gida, fanka da fitilu da firij guda, amma makwabcina ya ce tashi wata shida kawai beraye suka cinye wayar da ta sauko daga fanel, wato farantin da ke daukar hasken rana, ga tattabaru sun mai da karkashinta gidansu. To ni tsorona kenan, mutum ya tara kudi da kyar ya kai ma bera. Kudin na fita kuwa ko in ci gaba da hakuri da janareta?

Usta Gwiwa:
Wa alaikumus salam malam. Wanga aiki shi nike yi, kuma gaskiya dabba ba ta fasa fanel, gilashinta mai tauri ne. Duk wadda na gani a fashe ko dai yara ne masu harbin tsuntsu da danko, ko iskar farkon damina ta daga ta don ba a daure da kyau ba. Bera da gafiya waya suke ci, musamman inda aka bi da ita ta cikin silin tsirara, kuma abin tsoro nan ba kudin wayar ba ne, wutar da ke fitowa daga fanel in waya ta fede tana iya yin tartsatsi ta ki mutuwa, ga katako ga silin, gobara kenan Allah shi kiyaye. Magani a zura waya cikin fayif tun daga rufi har inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta koma irin wadda kayan gida ke amfani da ita, a daure ta kar ta rika lilo bisa kwano.

Tattabara kuma kashinta ne matsala. Mutane na raina shi amma in ya bushe ya rufe gida guda cikin kananan gidajen da ke fuskar fanel, wurin zafi yake dauka ya rage wutar layin fanel din gaba daya, in an dade har tabon kuna za ka gani. A kewaye gefen da raga, amma kar a toshe da kwano ko siminti don iska na bukatar wucewa ta kasa. Karfin da aka rubuta jikin fanel a zafin digiri 25 aka auna shi, mu kuwa nan Sakkwato watan Afrilu muna haura 40, duk digiri daya da fanel ta kara tana rasa kusan rabin kashi daya cikin dari. Kenan ranar da muke takama da ita tana ci muna wuta kadan.

Maman Walida:
Usta ka manta kadangare da tsaka. Mu tamu inbata tsaka ta shige ta kafar iska ta kone wani abu ciki, sai da aka kai gyara. Sannan lokacin hunturu kura ta fi tsuntsu barna wallahi, in ba a goge ba kafin la'asar batir bai cika ba. Da sassafe ake wankewa, kar a zuba ruwan sanyi bisa gilashi da tsakar rana.

Alhaji Runjin Sambo:
Dan Mabera kanena, bar maganar bera, raga da fayif ba su kai kudin mai na wata guda ba. Lissafi na ga batir. Fanel mai kyau garantin shekara 25 ake ba ta, amma batir mai ruwa a zafin garin nan in ya yi maka shekara 3 ka gode Allah, batir na litiyom ya fi dadewa sai dai tsada. Sai ka duba mai, kafin a cire tallafi a Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,000. In kana kona lita 3 kullum, a shekara lita 1,095 kenan, ka ninka da farashin yau ka aza kusa da kudin sola. Wanda dama ba ya tada janareta sai jifa jifa, shi kam zai dade bai mai da kudinsa ba, barcin dare da fanka ne ribarsa.

Dan Mabera:
Na gode kwarai Alhaji, ni ina kona fiye da haka ma lokacin azumi. Usta ragar nan irin ta kejin kaji ce ko akwai ta musamman? Don tattabarun na makwabcin nawa ne da kansa, ba ni iya ce mai ya tashe su.