Gyara daban, kiwo daban: me za mu kira "maintenance" a harkar dogo?

Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu harshe a kan kalma guda. Zan faɗi inda ni na tsaya, wanda ya ga na kauce ya dawo da ni hanya.

Wani labari nake mayarwa Hausa, na wani jirgin ƙasan fasinja a Amurka, sai na ci karo da kalmar "maintenance". Hannuna har ya rubuta "gyara", yadda muka saba ji a rediyo. Jimla biyu gaba sai ga wata kalmar tasu, ita ma gyara ce a wurinmu, alhali labarin duk a kan bambancin su biyun ya ginu. Da na bar su haka, abin da mai karatu zai gani shi ne an ba da kuɗin gyara bisa sharaɗin za a yi gyara. Wa zai gane wannan?

Ga labarin a taƙaice. Jirgin sunansa Southwest Chief, na kamfanin Amtrak, kullum yana tashi tsakanin Shikago da Los Anjeles, tafiyar fiye da kilomita 3,500, kusan kwana biyu a hanya. Mafi yawan dogon da yake bi ba na Amtrak ba ne, na wani kamfanin dakon kaya ne mai suna BNSF. A yammacin jihar Kansas da wani yanki na Kolorado da New Mexico kayan da ake ɗauka ba su da yawa, sai kamfanin ya ce shi kam ba zai ci gaba da kashe kuɗi don dogo ya jure gudun jirgin fasinja ba, tunda jirgin kaya ba ya gaggawa. Aka fara rage gudu. Ƙananan garuruwan da ke kan hanyar suka ga jirginsu zai suɓuce musu, suka tashi tsaye. A 2014 gwamnatin tarayyarsu ta ba da tallafin kusan dala miliyan 12 da rabi ta hannun wani gari mai suna Garden City, sannan jihar Kansas da Amtrak da BNSF da su garuruwan suka yi karo-karo suka ƙara. Aka cire tsofaffin ƙarafa aka sa sababbi. Wannan gyara ne, babu gardama. Amma a cikin yarjejeniyar BNSF ya ɗauki nauyin yi wa wurin da aka gyara "maintenance" har shekara 20. To wannan na biyun shi ne ba ni da sunansa.

Na ɗauki maganar na kai wa kawuna a Sabon Garin Zariya. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, kuma a kan dogo ya yi aikinsa, ba a ofis ba. Na ce, "Kawu, aikin da kuka yi, gyara ne?" Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ranar da aka kira mu gyara, to mun riga mun makara. Mu namu shi ne kada a kai ga nan."

Sai ya zayyana mini. Da sassafe mutum ya saɓa sifana da guduma ya bi nasa yankin a ƙafa. Notin da ya kwance a ɗaure. Tsakuwar da ta zame daga gefe a mayar a danne, domin ita ke riƙe da abin da dogon yake kwance a kai, na katako ne ko na ƙarfe. A cire ciyawa. Kafin damina a yashe kwalbati da magudanai, saboda babban abokin gabar dogo ruwa ne: in ya rasa hanya sai ya ci ƙasar da ke ƙarƙashi, ƙarfe ya tsaya a sarari, ido na ganinsa lafiya lau har sai nauyi ya hau. Da bazara kuma ƙarfe na miƙewa da zafi, a duba mahaɗa. Babu wanda ya karye a cikin waɗannan duka. Babu abin da za a ɗauki hotonsa a ce ga shi kafin aiki, ga shi bayan aiki.

Da na fara jefa tambayar jiya, amsoshi sun zo, kuma na gode wa kowa. Bari in bi su.

Wani ɗan uwa bakanike ya ce ai muna da ita, "sabis". Gaskiya ne, mun ari kalmar ta zauna: a kai mota sabis, a juye baƙin mai, a canza filogi. Ma'anar ta yi kusa ƙwarai. Inda ta gaza, sabis abu ne da ake kai wa gareji rana guda a dawo da shi. Dogo ba a kai shi ko'ina, shi ake bi kullum. Kuma yau in ka ce "babu sabis a hanyar Kano" kowa wayarsa zai duba.

"Kulawa" ita ce mafi yawan mutane suka kawo. Ba kuskure ba ce, amma ta yi faɗi. Ana kula da baƙo, ana kula da magana, ana kula da yarinya. Jami'i zai iya cewa "muna kulawa da layin dogo" ba tare da ya kashe ko sisi ba, kuma bai yi ƙarya ba. Ina son kalmar da in an faɗe ta za a iya tambayar mutum: nawa ka ware, mutum nawa ka ɗauka?

Wata malama ta ce "tattali". Wannan ta daɗe a raina. Tattali akwai ƙauna a ciki, akwai sanin darajar abu. Sai dai "tattalin arziki" ya riga ya mamaye kunnen mutane, "tattalin dogo" zai sa a zaci maganar riba da asara ake yi. Kuma tattali ya fi karkata ga lallaɓa abu da rage amfani da shi. Dogo kuwa so ake a yi ta bi, a kuma yi ta bin sa da aiki.

Wani dattijo daga cikin birni ya ce mini, "Yaro, ku da kuka tashi a gidan siminti ne kuke neman kalmar. Sunanta yaɓe." Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya taɓo inda ya kamata. Duk wanda ya girma a Kwarbai ko Babban Dodo ko Limancin Kona ya san gidan ƙasa ba a jira ya faɗi. Kafin ruwan farko a hau soro, a kwaɓa ƙasa, a bi tsaga a toshe, a shafe da makuba, a daidaita indararo. Wanda ya tsallake shekara biyu zai ga azara a waje. Garin da Babban Gwani ya gina wa masallacin Juma'a da ƙasa tun zamanin Sarki Abdulkarim ba za a koya masa wannan tunanin daga waje ba. Muna da tunanin tun tuni. Amma kalmar yaɓe ta manne da laka da bango, ba za ta hau ƙarfe ba. Misali ce mai kyau ga mai bayani, ba suna ba.

"Rigakafi" kuma ya tafi ga allura.

Ni inda na tsaya shi ne kiwo. Kiwon dogo.

Dalilina na farko, ba ni na ƙirƙiro hanyar ba. Da magabatanmu suka so sunan abin da ake yi wa jiki don kada ya kwanta, ba su ce "gyaran lafiya" ba, suka ce "kiwon lafiya". Lafiya ba dabba ba ce, amma kalmar ta zauna daram, har ba mai jin baƙuntarta. Magani daban, kiwon lafiya daban, kuma kowace tsohuwa ta san bambancin. Na biyu, kiwo ba shi da ranar gamawa. Ba a taɓa jin makiyayi ya ce ya kammala kiwo an yi bikin buɗewa ba. Yau ka fita da su, gobe ma haka, ranar da ka fasa a jikinsu za a gani. Na uku, kiwo na cin kuɗi kuma kowa ya yarda da hakan: dusa, harawa, kanwa, ladan mai kiwo. Wanda ya sayi saniya bai tanadi abincinta ba, ba a ce masa mai dukiya, ana tausaya wa saniyar ne.

Abin da ya sa na damu har haka, kuɗi na bin suna. Kasafin gwamnati kashi biyu ne, na manyan ayyuka da na ayyukan yau da kullum. Gyara yana shiga na farko: kwangila ce, ana bayarwa sau ɗaya, ana kafa allo, ana yanke ƙyalle. Kiwo yana cikin na biyu: albashin mai bin dogo a ƙafa, tsakuwa, noti, man shafawa, kuma shi ake fara yankewa in aljihu ya matse, tunda babu mai ganinsa. In harshenmu ya kira su da suna ɗaya, to duk ranar da aka ce "an ware kuɗin gyaran dogo" sai mu yi murna mu koma gida, ba mu da bakin tambayar na biyun.

Mu a Zariya bai kamata a ba mu labarin wannan ba. Dogo ya ratsa garin nan ya isa Kano a 1911. Daga nan ƙaramin layin Jos ya tashi, wanda aka rufe a 1957. Daga nan aka ja layin Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda a 1929, ya yi ta kwasar gyaɗa da auduga. Sabon Gari kansa a gindin tasha ya girma. A zamaninmu an kashe kuɗi an farfaɗo da tsohon layin Legas zuwa Kano, mai tsawon kilomita 1,126, jirgin fasinja ya dawo a Disambar 2012, mutane suka fito kallo. An yi gyara, ba mai musu. Duk wanda ke tsallaka dogo a garin nan ya duba da idonsa ya faɗa mini ko kiwo ya biyo baya.

Yanzu ga sabon layi mai faɗi, na milimita 1,435 maimakon tsohon mai 1,067, ana shimfiɗa shi daga Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, tun da aka ƙaddamar da aikin a 2021, kuma ta wajenmu zai bi. Sabon ƙarfe ma ruwa ba ya jin kunyarsa. Sannan tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi sun sami ikon shiga harkar jirgin ƙasa, ba tarayya kaɗai ba. Ke nan irin karo-karon da garuruwan Kansas suka yi ba abin da zai hana a yi shi tsakanin Kaduna da Kano da Katsina da Zamfara. In za a zauna wannan zaman, ina so ɗan majalisarmu ya iya cewa da Hausa, a gaban mutanensa, "kuɗin gyara kaza ne, kuɗin kiwo na kowace shekara kaza ne, ga wanda zai biya."

Wani ya yi mini ƙorafi mai ƙarfi, kuma na karɓa. Ya ce Malam, mai sauraron rediyo in ya ji "kiwon dogo" zai zaci dabbobi ake kiwo a kan layin, abin da ma ake hana mutane. Haka ne, a karon farko zai iya ruɗewa. Shawarata, a watannin farko a riƙa cika ta: "kiwon lafiyar dogo". Wannan ba mai ruɗewa a kanta. In kunne ya saba, lafiyar za ta faɗi da kanta. Na gwada ta a wasu wurare don in ga ko za ta tsaya: kiwon lafiyar gada, kiwon lafiyar famfon unguwa, asusun kiwon tituna. Ni dai ban ji ta yi tuntuɓe ba. Ina roƙon malamanmu na sashen harsuna a Jami'ar Ahmadu Bello, da na cibiyar koyar da fasahar sufuri ta NITT da ke nan garin, su auna ta da ma'auninsu. In suna da wadda ta fi ta, wallahi zan saki tawa in kama tasu.

Na koma wurin Kawu da yamma na karanta masa jimlar yadda na rubuta ta a ƙarshe: "An ba da kuɗin gyaran dogon, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin kiwonsa har shekara 20." Ya sa na maimaita. Ya ce ta yi. Sai na ƙara da cewa to ku ke nan makiyayan dogo ne. Nan ya ƙi. Ya ce makiyayi sana'ar wasu ce, ba za a ƙwace musu suna ba, su a ce musu masu kiwon dogo. Haka na rubuta.