Sau biyu raitin na IELTS yana kayar da ni, a taimaka da shawara

Maman_Ilham:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin abin nan ku agaza min. Ni nas ce ina son yin rajista da NMC, hukumar rajistar nas-nas ta Ingila, sau biyu ke nan ina zana IELTS, jarrabawar gwajin Turanci, kuma duka biyun raitin, wato ɓangaren rubutu, ne ke kayar da ni, sauran ɓangarori ukun (sauraro, karatu da magana) ina samun 7 har da 7.5 amma raitin ya kafe a 6, ga shi su 6.5 suke so. Wajen lesin ɗin da na shiga sun ba mu insha'i guda 20 suka ce mu haddace, na haddace tas kamar karatun allo amma ranar jarrabawa abin da ya fito ko kusa bai yi kama da su ba. Maigida ya ce wannan karon ne na ƙarshe da zai biya. Ina matsalar take?

Malam_Dan_Zariya:
Wa alaikumussalam Hajiya. Haddar nan ita ce ta cuce ki, masu makin sun san rubutun hadda daga layin farko. Abu huɗu suke dubawa kuma nauyinsu ɗaya: kin amsa abin da aka tambaya, maganarki na bin juna, kalmominki, sai nahawu. To hadda tun a na farko ta faɗi. Amma tukuna, cikin minti 60 ɗin raitin nawa kike ba tambaya ta ɗaya, mai zane ko jadawali?

Maman_Ilham:
Gaskiya Malam nakan kai minti 35 ko fi, saboda sai na tabbatar na saka duk lambobin da ke jikin jadawalin kar a ce na bar wani

Anti_Nas_Bradford:
Kai ƙanwata ai nan ne gizo ke saƙar! Ni ma haka na yi karon farko. Tambaya ta ɗaya minti 20 ce kalma 150, ta biyu minti 40 kalma 250 kuma makinta ya ninka na ta ɗaya, kin ga ke kina kashe ƙarfinki a kan ƙaramar sai ki zo babbar a guje ba ki ma rufe ta ba. Ni da ta biyu na fara ranar da na ci, ba wanda ya hana.

Sannan ba a ce ki kwafe lambobi duka ba. Ki kalli zanen ki ce me ya fi fitowa fili, wane ne ya hau wane ne ya sauka wane ne ya fi kowa, ki rubuta wannan a jimla biyu bayan gabatarwa, shi ne obabiyu da suke ta magana, in babu shi da wuya ki wuce inda kike. Bayan nan ki zaɓi lambobi kaɗan ki kwatanta su da juna. Kuma kar ki ce ga dalilin da ya sa farashi ya tashi ko ki sa ra'ayinki, ba a tambaye ki ba. Ki gwada taswira da zanen matakan sarrafa abu ma don suna fitowa, mutane sai su yi ta gwada layi mai hawa da sauka kawai.

Abba_Gwale:
Ni dai a ganina a bar wahalar nan, tunda nas ce ki koma OET, jarrabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, mana Maman Ilham. NMC na karɓa, raitin ɗinsu wasiƙa ce ta minti 45 kan mara lafiya irin ta tura shi wajen wani likita, C+ suke nema a raitin sauran kuma B. Aikin da kike yi kullum ne fa

Malam_Dan_Zariya:
Abba maganarka hanya ce amma wadda ta riga ta san tsarin nan kuma rabin maki ya rage mata, ni ba zan ce ta sake sabon lale ba. Hajiya akwai wani abu da nake gani wajen ɗalibaina, mun saba sai an yi doguwar gaisuwa kafin a faɗi abin da ya kawo mutum, sai mu kai wannan cikin insha'i, layi shida an tafi ba a san matsayarki ba. In an ce kin yarda ko ba ki yarda ba, faɗi a sakin layi na farko. Kowane sakin layi hujja ɗaya da misali ɗaya. Manyan kalmomin da ba ki da tabbas a kansu ki bar su, ki ajiye minti 3 na ƙarshe ki bi ƙananan kalmomin Turanci "the" da "a", da "s" ɗin jam'i, nan muke zubar da maki ba mu sani ba. In hannunki na gudu a kibod ki yi ta kwamfuta, tana ƙirga miki kalmomi.

Maman_Ilham:
Allah Ya saka da alheri, wallahi doguwar gaisuwar nan ni ce sak. Yau ina aikin dare, in na sauka gobe zan sa agogo in rubuta guda ɗaya, Malam in na turo za ka duba min?

Malam_Dan_Zariya:
Turo, amma kar ki gyara komai bayan minti 40 sun cika, yadda yake nake son ganinsa.